Shagon likitan dabbobi na hanyar Kara a Bukuru: ra'ayin mai shanun madara

Tun da damina ta ja baya, 'yan'uwana mata masu sana'ar kindirmo da yogot suke ta tambayata wa ya duba mini shanu lokacin da ƙurajen fata suka shigo unguwarmu, kuma ko aikinsa ya kai kuɗin da yake karɓa. Amsawa ɗaya bayan ɗaya a waya ta yi mini yawa, shi ya sa na zauna na rubuta komai wuri guda. Ba zan kama sunan shagon ba, domin mai shi bai san da wannan rubutu ba, kuma cikin abin da zan faɗa akwai wanda ba yabo ba ne. Yana cikin jerin shagunan magungunan dabbobi da ke kan hanyar shiga Kara ta Bukuru. Mai shi likitan dabbobi ne matashi, kowa Likita yake ce masa.

Shanuna ba su da yawa. Akwai Bunaji, akwai ruwa-biyu masu jinin Friesian waɗanda su ne ke riƙe da sana'ar madarar, sai 'yan ragunan Balami da nake turkewa saboda layya. Garken yana bayan gari, ƙasa kaɗan da wani tsohon kududdufin haƙar kuza. Duk wanda ya san Bukuru ya san irin waɗannan ramukan da ba sa ƙafewa, ya kuma san saurayen da suke haifarwa. Wani dattijon Bafulatani ne yake kula mini da su, muna ce masa Baffa.

Shagon ɗan ƙarami ne, mutum huɗu in sun shiga sai ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Ba kwalliya, ba kujerar zama ta kirki. Abin da ya sa na maƙale masa shi ne firij ɗin da ke kusurwar dama. Da sola yake aiki, a cikinsa akwai ma'aunin sanyi, a samansa kuma akwai wani littafin makaranta da yaron shagon yake rubuta abin da ma'aunin ya nuna safe da yamma. Na buɗe littafin da hannuna, ban ga ranar da aka tsallake ba. Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne. A wurina shi ne kan gaba, saboda allurar rigakafin ƙurajen fata tana ɗauke da ƙwayar cutar da aka raunana amma tana da rai, kuma ana ajiye ta ne tsakanin digiri 2 zuwa 8. In ta sha zafi ta mutu, kwalbar ba za ta canza kama ba, takardar jikinta ba za ta goge ba. Ka biya kuɗi, a soka wa saniyarka, ka koma gida da kwanciyar hankali alhali ruwa kawai aka ba ta. Na sha ganin ana fito da kwalaben rigakafi daga aljihun riga ranar cin kasuwa, rana tana dukan ƙeya. Sun fi na Likita sauƙin kuɗi, amma ni dai ba zan saya ba.

Rigakafin da yake sayarwa na Vom ne, wato Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, wadda take nan tun 1924. Mu mutanen Filato muna da wata gata da ba mu cika lura da ita ba: daga Bukuru zuwa Vom tafiyar 'yan mintuna ce a mota, yayin da makiyayin Sakkwato ko na Maiduguri sai kwalba ta yi doguwar tafiya kafin ta isa hannunsa. Likita da kansa yake zuwa ya ɗauko a cikin kula mai ƙanƙara. Baffa yana girmama sunan Vom saboda cutar bushiya, annobar shanu. Ya ga irin ɓarnar da ta yi wa garken mahaifinsa, ya kuma ga ranar da ta zama labari, domin a 2011 aka sanar da cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya, kuma allurar rigakafi ce ta yi wannan aikin.

A watan Maris muka yi allurar, kafin ruwan farko. Likita ne ya zaɓi lokacin. Ya ce jikin saniya yana bukatar kamar mako uku kafin garkuwar ta kankama, ƙwarin da ke yaɗa cutar kuma da damina suke yin ƙarfi, don haka wanda ya jira sai ya ji labarin cuta a makwabta ya makara. Kwalba ɗaya ta shanu da yawa ce, kuma da zarar an haɗa garin da ruwansa dole a ƙarar da shi cikin 'yan sa'o'i, ba a ajiye ragowa zuwa gobe. Mai shanu kaɗan irina in ya saya shi kaɗai, mafi yawa zubarwa zai yi. Sai Likita ya ce in nemo makwabta. Muka haɗu gida-gida, muka tsayar da rana, ya fara da garkena da sassafe ya ƙare da na ƙarshen layi kafin hantsi ya yi zafi. Abin da ya faɗo kaina, har da kuɗin man babur ɗinsa, bai kai kuɗin dusar da shanun ke ci a mako guda ba.

Na tsaya na kalli yadda yake aiki. Kowace saniya sai ya sa mata ma'aunin zafi tukuna, wadda ya ga jikinta da zafi ya ware ta ya ce sai ta warware. Kowace dabba da sabuwar allurarta. Wani makwabcina ya yi ƙorafi cewa wannan ɓarnar kuɗi ce, ai allura ɗaya tana zagaye garke. Likita ya ce masa, “Alhaji, ƙudan da muke gudu da bakinsa yake ɗaukar cutar daga wannan ya kai wa waccan. In na yi amfani da allura ɗaya, na yi masa aikinsa ke nan.” Kuma bai ɓoye mana abin da zai iya biyo baya ba: kumburi a wurin da aka soka, raguwar madara na 'yan kwanaki, wani lokaci ma 'yan ƙananan ƙuraje da ke bajewa da kansu. Hakan kuwa aka yi. Babbar saniyata ruwa-biyu ta rage nono, wuyanta ya ɗan tasa, bayan kwanaki kaɗan ta koma daidai. Da bai gaya mini tun farko ba, da hankalina ya tashi.

Cikin Agusta cutar ta shigo. Ta fara da garkunan da ba su shiga haɗakarmu ba. A nawa garken dabba ɗaya ta kama, wata karsana da ƙanin maigidana ya kawo ajiya ana tsakiyar damina. Likita ya riga ya sa ta a jerin waɗanda za a yi wa allura in an sami isassun shanun da za a buɗe wa kwalba, cutar ta riga mu.

Ranar farko ta ƙi cin abinci, ta tsaya ita kaɗai kai a ƙasa, hawaye na zuba, hanci na yoyo, yawu na dalala. Kwana biyu bayan haka gashin wuyanta ya miƙe wuri-wuri. Da na shafa sai na ji ƙulle-ƙulle masu tauri a cikin fatar, kowanne kamar ƙwallon goro, daga wuya zuwa tozo, zuwa haƙarƙari, har ƙarƙashin wutsiya. Kaluluwa ta fito mata a gaban kafaɗa da gaban cinya, ana gani daga nesa. Ƙafarta ta gaba ta kumbura har ba ta son taka ta. Wani mai tallan magani da ya biyo ta wurin ya ce kirci ne, yana da allurar da za ta share shi. Baffa ya girgiza kai ya ce wannan bolla ce, ba kirci ba.

Likita ya tabbatar da maganar Baffa, ya kuma nuna mini bambancin da hannunsa. Kirci ɓawo yake yi a saman fata, gashi ya manne wuri guda, in ka ɓamɓare ya taho da gashin. Bakteriya ce ke kawo shi, kaska da jiƙewar damina suna taimaka masa, kuma yana jin antibayotik. Wannan kuwa ƙullin ya ratsa kaurin fatar gaba ɗaya, kuma bairos ne, dangin wanda ke sa wa tumaki da awaki ƙuraje. Ma'aunin zafi ya nuna 41. Na ce, “To Likita, wane magani za ka ba ni?” Ya ce, “Hajiya, ba ni da maganin da ke kashe wannan cutar, kuma babu wanda yake da shi. Duk wanda ya ce miki yana da shi, kuɗinki yake so. Abin da za mu yi shi ne mu tallafa mata har jikinta ya ci ƙarfin abin.”

Wannan maganar ce ta sa nake tura mutane wurinsa. A lokacin ina cikin tashin hankali, dabbar amana ce, da ya lissafo mini kwalabe goma da na biya ban ce uffan ba. Abin da ya rubuta kaɗan ne: allurar rage zafi da kumburi don ta samu ta ci abinci, antibayotik mai suna oxytetracycline mai dogon aiki don kada wasu ƙwayoyin su samu ƙofa ta raunukan ko su sauka a huhu, da feshin rauni mai korar ƙuda. Ya bayyana mini cewa antibayotik ɗin ba don bairos ɗin ba ne. Ya ce a ware ta a inuwa, a ba ta ɗanyar ciyawa mai laushi da ruwa a nata bokitin. Ya kuma rubuta a bayan rasit ranar da maganin zai bar jikinta, ya ce ko da ta kai ga yanka kada a ci naman kafin ranar, haka nan da mai shayarwa ce da madararta ba ta shiga tukunyata ba. Cutar kanta ba ta kama mutum, ragowar maganin ne abin gudu.

Wahalar gaske ta zo ne daga baya, kuma ya gargaɗe ni. Tsakiyar wasu ƙullayen ta bushe ta yi baƙi, ta rabu da fatar da ke kewaye, sannan ta faɗo ta bar rami mai zurfi. Nan ne ƙuda ke son yin ƙwai. Kullum safe ni da Baffa muna bin ramukan ɗaya-ɗaya da ruwan gishiri da feshi. Akwai ɗaya a bayan gwiwa da tsutsa ta shiga, Likita ya dawo ya ciro su da hantsaki, ya wanke, bai karɓi kuɗin zuwa na biyu ba. Karsanar ta rayu. Ta rame ƙwarai, fatarta duk tabo, kuma ta daɗe kafin ta nemi bijimi. Cutar ba ta cika kisa ba, galibi kaɗan ne ke mutuwa cikin waɗanda suka kamu, amma tana cin madara, tana cin ƙiba, tana lalata fata, tana sa ɓari, kuma ruwa-biyu masu yawan nono sun fi jin jiki. Shanuna da aka yi wa allura suna kwana kusa da ita, ko ɗaya ba ta yi ƙulli ba.

Ba sabuwar cuta ba ce. A Zambiya aka fara bayyana ta a 1929, ta daɗe ana ɗaukarta matsalar Afirka kaɗai, sai ga ta a Isra'ila a 1989, a Turkiyya a 2013, a Girka a 2015, a Indiya a 2019. Ƙasashen kudu maso gabashin Turai da allurar rigakafi ta gama-gari suka shawo kanta, irin wadda muka yi a layinmu.

Wani ɓangaren aikinsa da ban biya ko sisi a kai ba shi ne zagayen da ya yi wa garken. Ya tsaya a kan tulin ragowar harawa da ta cakuɗe da kashin shanu da fitsari a bayan rumfa, ya tona da sanda, ya nuna mini tsutsotsi. Ya ce nan ne ƙudan da ke cizon shanu a ƙafafu da rana yake hayayyafa, shi ne wanda ke sa su buga ƙafa suna kaɗa wutsiya ba hutawa. Ya nuna mini laka a gindin kwamin ruwa inda yake ɗiga, ya ce irin wannan damshin mai haɗe da taki shi ne gidan wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin ƙyashi, wanda tsawonsa bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba, yana fitowa da magariba da asuba, kuma yana ratsa gidan sauro na yau da kullum. Muka kwashe tulin zuwa gona, muka toshe kwamin, muka zuba tsakuwa a wurin. Kududdufin kuza ya fi ƙarfinmu, sai dai muka daina barin shanu a bakinsa da yamma.

Ya sayar mini da maganin ƙwari mai deltamethrin, wanda ake zubawa a gadon baya daga tozo zuwa gindin wutsiya. Ra'ayina a kansa rabi da rabi ne. Kaska ta ragu sosai, ƙuda ma ya ragu, shanu suna tsayawa lafiya a tatse su. Amma in aka jera kwanaki ana ruwa irin na Jos, ƙarfinsa ba ya kai lokacin da aka rubuta a jikin roba, kuma yana da tsada. Likita da kansa ya ce kada in ɗauke shi madadin rigakafi, domin ƙwaro yana iya cizo kafin maganin ya kashe shi.

Dalilin ragunana ne hira ta kai mu ga sauran cututtukan da ƙwari ke ɗauka. Wani rago ya kumbura a leɓe, na tsorata ko cutar shuɗin harshe ce, wadda wannan ɗan mitsitsin ƙwaron ke yaɗawa. Likita ya buɗe bakinsa, ya duba dasashi da harshe, ya duba saman kofato inda cutar ke sa ja, ya auna zafi, ya ce ƙaya ce ta soke shi. Ya ce tumakinmu na gida sun daɗe da zama da wannan bairos ɗin, ba kasafai yake kayar da su ba, waɗanda aka shigo da su daga waje ne abin ji. A Turai kuwa ɓarna yake yi: nau'i na 8 ya ɓulla a Holan da Beljiyam da Jamus a 2006, nau'i na 3 kuma ya kashe tumaki masu yawa a Holan a 2023. Yana da ɗan'uwa da ake kira EHD, wanda aka gano a jihar New Jersey ta Amurka a 1955, yana kashe barewarsu mai farar wutsiya cikin 'yan kwanaki, har akan tsinci gawarwakin a bakin ruwa saboda zafin zazzaɓi ne ke kora su can. Ya shiga Italiya da Sifaniya a 2022, Faransa a 2023, inda ya kama shanu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne tun a shekarun 1960 masu bincike a Ibadan suka samu wannan bairos ɗin a jikin ƙwarin ƙasarmu. Shagon ba shi da rigakafin ko ɗaya daga cikin biyun, kuma bai yi ƙoƙarin sayar mini da wani abu a madadinsu ba.

Inda ya ɗaure fuska shi ne zancen zazzaɓin Rift Valley. Sauro ke yaɗa shi, an gano shi a Kenya a farkon shekarun 1930, kuma shi yana kama mutum, musamman ta jini da mahaifa da ɗan da aka yi ɓarinsa. A 2016 ya kashe mutane a jihar Tawa ta Nijar, yawancinsu makiyaya. Ya ce wa Baffa, “Baffa, in ka ga tumaki ko shanu suna ɓari a jere bayan ruwa mai yawa, ko 'ya'yan tumaki suna mutuwa rututu, don Allah kada ka sa hannu tsirara. Ka kira ni, ni kuma in sanar da hukuma.” Ya ba mu kwalin safar hannu a farashin da ya saya. Ni da nake dafa madarata kafin in ɗaura kindirmo, sai da ya sake jaddada mini kada ɗanya ta shiga bakin yara.

Yanzu ga abin da bai yi mini daɗi ba. Samun Likita a waya aiki ne. Shi kaɗai ne, in ya shiga ruga wajen Barikin Ladi ko Bokkos sai a wuni ba a same shi ba. Ranar da karsanar ta fara zazzaɓi tun safe nake kira, sai bayan la'asar ya iso, kuma bai turo saƙo ya ce ga inda yake ba. Yaron shagon yana da ladabi da amana, amma ba likita ba ne, bai kuma da lambar wani likitan da zai haɗa ka da shi. Mai dabbar da ke naƙuda ba zai iya wannan jiran ba. Na gaya masa a gabansa cewa yana bukatar abokin aiki.

Na biyu, duk bayanin da ke jikin magunguna da Turanci ne, da ƙananan haruffa. Likita yana yin bayani da Hausa mai kyau, har da ɗan Fulatanci, amma in ya tafi, Baffa ba shi da abin da zai duba ya tuna yawan da zai zuba wa maraƙi da wanda zai zuba wa bijimi. Takarda guda da Hausa, ko da ajami, da ta wadatar. Ni ce na zauna na rubuta masa a kwali muka rataye a rumfa. Na uku, ba ya ajiye tarihin garken kowa. Ya san shanuna da ido, amma ranar da aka yi allura da lambar kwalbar a rasit ɗina kaɗai suke. Tun da rigakafin na shekara-shekara ne, kamata ya yi a ce shi ne zai kira mu ya tuna mana. Haka kuma karsanar nan, da yana da jerin masu jiran a buɗe kwalba a duk faɗin Bukuru, ba layinmu kaɗai ba, mai yiwuwa da ta samu allura kafin Agusta.

Kayansa sun fi na masu talla tsada, ba ya kuma ba da bashi sai ga wanda ya sani sosai. Wanda ke neman a miƙo masa kwalba ba tambaya ba zai ji daɗin shagon ba, domin sai an tambaye shi shekarun dabbar, da nauyinta, da ko tana da ciki, wani lokaci ma a ce ba za a sayar ba sai an gan ta. Mai shanun madara, musamman ruwa-biyu, da mai turke, su ne za su fi cin moriyarsa. In za ku je, ku je da safe kafin ya fita, ku tafi da kula da ƙanƙararku, ku ce a nuna muku ranar ƙarewar aikin kwalbar, ku kuma karɓi rasit. Mu a layinmu mun riga mun fara rubuta sunayen masu shiga haɗakar Maris mai zuwa, har da maruƙan da aka haifa bana, waɗanda Likita ya ce a bari su kai kamar wata huɗu tun da iyayensu mata sun samu allura. Gidaje uku da suka ƙi shiga haɗakar da ta wuce su ne suka fara kawo sunayensu.